Kyanwa da Farautarta: Jagora ga Masu Gida a Zangon Wagadugu

Wata rana da jijjifi, a zamanin da gidanmu yake cikin tsohuwar unguwar Zango ta Wagadugu, wadda Mosawa suke kira Zangwetin, tun kafin shirin ZACA ya rushe ta a shekarar 2003 a watsa mazaunanta zuwa Niyoko da Waga 2000, mahaifina ya fito da buta a hannu zai shiga zaure domin ya yi nafila kafin kiran assalatu, sai ya tarar da ɓera kwance a tsakiyar buzunsa, an karya masa wuya, babu ko ɗigon jini, kyanwarmu kuwa tana zaune daga gefe ta naɗe wutsiya bisa ƙafafunta tana dubansa. Yayana ya rarumi takalmi zai jefe ta, Baba ya riƙe masa hannu ya ce, "Bari, ɗana, ai aikin da muka ajiye ta dominsa ke nan. Jeka ka ɗauko cebur, sa'an nan ka buɗe gafaka ka duba ko wannan ya riga ya taɓa littattafai." Da aka duba, sai ga gefen wata tsohuwar Risala ta rubutun hannu duk an ɓantare shi.

Tun daga wannan lokaci har yau ban rabu da kiwon kyanwa ba, kuma ƙorafin da na fi ji daga maƙwabta da 'yan'uwa bai wuce guda biyu ba: ko dai a ce ta addabi gida da jawo mushe, ko kuwa a ce ta gama da 'yan tsakin mutane. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, farauta fiɗira ce da Allah ya halicci kyanwa a kanta, duka ba ya cire ta, ƙoshi ma ba ya cire ta, iyakar abin da ke hannun mai gida shi ne ya karkatar da ita zuwa inda take da amfani, ya kuma toshe ta daga inda take ɓarna.

Wajibi ne a tuna dalilin da ya sa kyanwa ta shiga gidajenmu. Zango masaukin fatake ne tun zamanin da ayari yake ratsa ƙasar Mosi zuwa Gwanja neman goro, kuma duk inda aka tara hatsi da fatu da buhuna da littattafai a cikin ɗakunan laka, to, an shimfiɗa wa ɓera tabarma. Haka al'amarin yake tun asali, domin kyanwar gida jikanyar kyanwar daji ce wadda warin ɓeraye ya jawo ta zuwa rumbunan manoman farko, har ma an tono wani kabari a tsibirin Ƙubrus, wanda aka ƙiyasta shekarunsa da kimanin 9,500, aka iske an binne mutum tare da kyanwa kusa da shi. Saboda haka idan muka ji nasihar Turawa game da hana kyanwa farauta, sai mu ɗora ta a ma'auni, domin galibinsu don sha'awa suke kiwo, mu kuwa ma'aikaciya muka ɗauka; muna son ta kashe ɓera, tsuntsu da ɗan tsako ne ba ma so ta taɓa.

Akwai kuskure guda wanda ya yaɗu a cikinmu, kuma ya daɗe yana ci mini rai, wato zaton cewa idan aka hana kyanwa abinci za ta fi kama ɓera. Haƙiƙa yunwa daban take, sha'awar kamu daban. A shekarar 1976 wani masani mai suna Robert Adamec ya jarraba wannan, ya ajiye wa kyanwoyi abincin da suke so, suna tsakar ci ya sako musu ɓera, sai suka bar akushin suka kashe shi, suka jawo shi kusa, suka koma kan abincinsu ba tare da sun ci naman ɓeran ba. Hikimar abin a fili take ga mai tunani: dabbar da take farauta ita kaɗai, abin kamunta ƙanana ne, kuma sau da yawa takan kai hari ta dawo hannu rabbana, idan ta ce sai yunwa ta kama ta za ta fara nema, to, ƙarfinta zai ƙare kafin ta samu. Kyanwar da aka bar ta da yunwa ba sito take nufa ba, tukunyar miya take nufa, ko akurkin maƙwabci, ko juji, kuma mai gidanta ya ɗauki alhaki, domin sananne ne a cikin hadisi ingantacce cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba.

Amma batun kawo abin da ta kama cikin gida, har ta ajiye shi a bakin ƙofa ko bisa tabarma, wannan shi ne wurin da camfi yake shigowa. Na sha jin tsofaffi suna cewa aike ne, ko sammu, musamman idan kyanwar baƙa ce, har a kai ga jifanta ko a sa ta a buhu a kai ta bayan gari. Babu ko ɗaya daga cikin wannan. Kyanwa tana ɗauke abin kamunta ne zuwa wurin da ta fi amincewa da shi, inda kare ko shaho ko wani muzuru ba zai ƙwace mata ba, kuma wurin nan shi ne inda take jin ƙanshin mutanen gidanta, shi ya sa buzu da shimfiɗa suka fi shan wannan wahala. Idan kuwa mai jego ce, to, makaranta ta buɗe: daga lokacin da 'ya'yanta suka kai kimanin mako huɗu takan fara kawo musu matacce, daga bisani ta kawo mai sauran numfashi ta sake shi a gabansu, tana wani irin kuka na ƙasa-ƙasa wanda duk mai kiwo ya san shi. Ibn Khallikan ya kawo labarin malamin nahawun nan na Masar, Ibn Babshaz, wanda ya rayu a ƙarni na biyar na Hijira, cewa yana cin abinci tare da abokansa a kan soron masallaci sai wata kyanwa ta dinga karɓar loma tana tafiya tana dawowa, da aka bi sawunta sai aka iske wata makauniyar kyanwa take kai wa. Dabbar da aka ga wannan daga gare ta ba ta cancanci a yi mata mummunan zato don ta ajiye ɓera a ƙofa ba. A kuma sani cewa abin da take kawowa ɗan kaɗan ne daga abin da take kamawa, domin a wani bincike da Jami'ar Jojiya ta Amurka ta fitar a 2013, inda aka rataya wa kyanwoyi ƙananan na'urorin ɗaukar hoto a wuya, an ga abin da suke kawowa gida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

To, idan aka wayi gari aka iske mushe, kada a daki kyanwa, kada kuma a yi mata tsawa, domin ba ta iya haɗa dukan yanzu da kamun da ta yi tun tsakar dare. Abin da za ta koya kawai shi ne tsoron mai gida, gobe kuma ta kai nata ƙarƙashin gado inda sai wari ne zai tona. Masu iya magana da suka ce tuban muzuru sun san abin da suka gani. A janye hankalinta da ɗan abin ci, a fitar da ita, sa'an nan a ɗauke mushen da cebur ko a sa hannu cikin leda, ba da tsirarar hannu ba, a haƙa rami mai zurfin kamu guda ko fiye a binne, ko a ƙone shi, kada a wurga shi bayan katanga ko cikin kwata inda yara da kaji suke yawo. Wurin da ya kwanta a jiƙa shi da ruwan Jabel da aka sirka, a bar shi ya ɗan jima, a goge, kada a share shi a bushe ƙura ta tashi, sa'an nan a wanke hannu da sabulu. Wannan taka-tsantsan yana da dalili, domin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno, wani irin ɓera ne mai yawan nonuwa yake ɗauke da shi a fitsarinsa da kashinsa, kuma ɓeran nan yana ko'ina a Afirka ta Yamma. Mace mai ciki kuwa a ɗauke mata wannan aiki gaba ɗaya, da shi da kwashe kashin kyanwa, saboda wata ƙwayar cuta mai suna toksofilasma da kyanwa take samu daga ɗanyen naman ɓera da tsuntsu, wadda takan cutar da ɗan da ke ciki.

Ta fuskar tsarki, malamanmu na Malikiyya sun sauƙaƙa mas'alar. Kyanwa ita kanta mai tsarki ce, haka ma ruwan da ta sha ta rage, kuma a cikin Muwaɗɗa an rawaito cewa sahabi Abu Ƙatada ya karkata mata ƙwaryar alwalarsa ta sha. Amma mushen ɓera najasa ne, saboda haka idan jininsa ko danshinsa ya taɓa buzu ko tufafi sai a wanke wurin, idan kuwa busasshe ne ya sauka a kan busasshe, ɗauke shi ya wadatar. Idan an ga jini a bakin kyanwa a lokacin da ta tsoma shi cikin ruwa, sai a yi aiki da abin da ido ya gani, kuma mafi sauƙi shi ne a zubar da wannan ruwa kaɗan ɗin a sake wani. Rufe randa da faifai, da ajiye mata nata kaskon ruwa a gindin inuwa, yana kashe wannan magana tun kafin ta taso.

Wani lokaci da rai kyanwa take kawo abin kamunta, ta sake shi a tsakar ɗaki, mata su hau gado, yara su yi ta ihu. Idan ɓera ne, a fitar da yara, a ja ƙofa a bar su su biyu, galibi ba ta daɗewa take gamawa. Idan ta gaji da shi ta juya baya, a kife masa kwano, a zura faifai ko kwali ta ƙarƙashi, a fita da shi a kashe shi da bugu guda. Ɓera yana cikin dabbobin da shari'a ta halatta kashewa ko da a cikin Harami ne, amma ba a halatta azabtar da shi ba, kuma abin da wasu yara suke yi na zuba masa kananzir su kunna wuta haramun ne, ga shi kuma yakan jawo gobara idan ya ruga cikin zana. Idan tsuntsu ne, kurciya ko tattabara ko ɗaya daga ƙananan nan masu sauka tsakar gida tsintar gero, a lulluɓe shi da tsumma, a sa shi cikin kwali mai huji a wuri mai duhu, a ba shi sa'a guda ko biyu ya dawo hayyacinsa, sa'an nan a buɗe masa a wajen gida. Sai dai haƙorin kyanwa siriri ne kamar allura, yana shigar da ƙwayoyin cuta can ciki, saboda haka wanda fatarsa ta huje yakan mutu cikin kwana biyu ko da ya tashi. Kaza ko tattabarar da aka ƙwato da rai ana iya yanka ta a ci, in dai haƙori bai riga ya kai ga makasa ba, kamar tsinke lakar wuya ko farke hanji, domin a mashahurin zancen mazhabarmu yanka ba ya halatta wadda aka riga aka huda makasarta.

Yanzu sai hanyar rage ɓarnar, kuma a nan akwai jarrabawa mai kyau da za a dogara da ita. A shekarar 2021 masana na Jami'ar Ekseta ta Ingila sun bayyana abin da suka gani a kan kyanwoyi 355 na gidaje 219. Waɗanda aka koma ba su abinci mai yawan nama, babu hatsi a cikinsa, abin da suke kawowa gida ya ragu da kashi 36 cikin ɗari; waɗanda aka riƙa yi musu wasan farauta na minti 5 zuwa 10 kullum, nasu ya ragu da kashi 25; ƙararrawa kuwa, wadda kowa ya fi sani, ba a ga ta yi wani tasiri ba. Mu ba mu da kuɗin abincin gwangwani, kuma ba ma bukatarsa. Kan kifi da hanjin kaza da huhu da 'yan guntayen da mahauta suke sharewa daga kan teburi da yamma, idan aka tafasa su ba gishiri, ba yaji, ba albasa, ba tafarnuwa, sun isa, kuma albasa da tafarnuwa guba ne ga kyanwa, suna lalata mata jini. Ragowar tuwo da miyar kuka ba abincin kyanwa ba ne, cikinta zai cika amma jikinta yana nan yana neman nama, domin akwai sinadaran da ba ta samunsu sai daga gare shi. A raba mata sau biyu ko uku, a kuma daidaita babban rabon da gabanin magariba da bayan asuba, lokutan da jininta yake tashi.

Wasan kuwa aikin yara ne, kuma na ga suna sonsa fiye da kyanwar. A ɗaure gashin zabo uku ko huɗu a bakin zare, a ɗaura zaren a kan kara, a riƙa jansa a ƙasa yana gudu daga gare ta, yana laɓewa bayan turmi, yana tsayawa cak sa'an nan ya zabura, kada a kaɗa mata shi a fuska domin babu ɓeran da yake tunkarar kyanwa. Za ka ga ta kwantar da ciki, kunnuwa sun miƙe, ƙugu yana rawa, kafin ta daka tsalle. A bar ta ta kama a ƙarshe, ta cije, ta yi shuri da ƙafafun baya, sai a ba ta abinci nan take, domin haka tsarin yake a wurinta: sanɗa, kamu, ci, lasar jiki, barci. In an gama a ɓoye zaren, domin idan ta haɗiye shi yakan yanka hanji. Kada kuma a saba mata da wasa da yatsu tun tana ƙarama.

Abin da ya fi dacewa da mu a cikin binciken nan na Ekseta shi ne abu na huɗu da suka gwada, wato wani faffaɗan ƙyalle mai launi mai haske da ake sa wa kyanwa a wuya. Ya rage kamun tsuntsaye da kashi 42 cikin ɗari, bai kuwa rage kamun ɓeraye ba, domin tsuntsu da ido yake tsira, yana hango launi daga nesa, ɓera kuwa a duhu yake yawo, hanci da kunne ne makamansa. Ga shi wannan shi ne ainihin abin da mai sito yake nema. Kowane tela a unguwa zai iya ɗinka shi da ƙyallen atamfa mai ja da rawaya, faɗinsa kamar yatsu uku. Sharaɗi guda ne, kuma mai nauyi: a haɗa bakinsa da zare mai rauni wanda zai tsinke idan ya maƙale, a bar sararin yatsu biyu tsakaninsa da wuya, kada a yi amfani da igiya ko waya ko tsumman da aka ƙulle tam. Na taɓa ganin kyanwa rataye a ƙusar katanga saboda wani ya ɗaura mata ƙararrawa da igiyar roba, kuma ba na fatan in sake gani.

Maganar 'yan tsaki ita ce take raba zumunci. A gidan haya na Zango, inda iyali biyar ko shida suke tarayya a tsakar gida ɗaya, na ga matan da suka shekara ba sa gaisawa a kan 'yan tsaki uku. Imamu Nawawi, a cikin Minhaj, ya tafi a kan cewa kyanwar da aka san ta da ɓarnar tsuntsaye ko abinci, mai ita ne zai biya, da dare ta yi ko da rana, kuma ko da yake shi Bashafi'e ne, ni ina ganin adalcin da ke cikin wannan hukunci ya isa kowa ya ɗauka. Ka biya tun kafin a tambaye ka, ka je da kanka ka ce, "Gwaggo, tamu ce ta yi, a yi haƙuri," sa'an nan ku haɗu ku gyara. 'Yan tsaki a makonninsu na farko suna bukatar kwando mai nauyi ko akurki mai ragar waya, a ɗora dutse a kai, kuma wannan zai tsare su daga shirwa da gafiya ma. Kyanwar da ta tashi cikin kaji tun tana 'yar wata biyu, wadda uwar kaza ta taɓa kora da fiffike, galibi takan girma tana kauce musu. Wadda ta riga ta ɗanɗana kuwa, sai dai a raba su da ƙofa.

Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce kwanan sito. Da an idar da sallar magariba sai a kira kyanwa da ƙarar kwanon abincinta, a shigar da ita ɗakin ajiya tare da ruwa da kaskon yashi da tsohon buhu na kwanciya, a rufe, ba za a buɗe ba sai rana ta fito, lokacin da tsuntsaye suka gama kiwon sassafe. Daren farko da na biyu za ta yi kuka ta yi yakushin ƙofa, daga nan ta saba, har ta riƙa jira a bakin ɗakin. Da wannan ɓeran sito ya shiga uku, kurciyoyin kan darbejiya sun huta, musamman da damina lokacin da 'ya'yan tsuntsaye suke faɗowa daga sheƙa, kyanwar ma ta tsira daga mota da karnuka, da macizai da kunamun da suka fi yawa a sababbin unguwannin gefen gari irin su Niyoko. Idan ka iske jaba a mace ba a ci ba, kada ka yi mamaki, warinta ne kyanwa ba ta so, tana kashewa ta bari.

Gidan da yake da kyanwa kada a zuba maganin ɓera a cikinsa, a kuma roƙi maƙwabta su faɗa idan za su zuba, domin ɓeran da ya ci guba shi ne mai tafiya a hankali, shi ne kuma ta fi saurin kamawa. Irin maganin da yake hana jini daskarewa ba ya nuna kansa sai bayan kwana uku zuwa biyar: za ka ga ta yi laushi, dasashinta ya yi fari, numfashi yana yi mata wuya, wani lokaci jini ya fito ta hanci. A gaggauta kai ta wurin likitan dabbobi, akwai makarinsa, wato bitamin K1, in an kai da wuri. Kada a ba ta farasitamol ko da ɓari ne, yana kashe kyanwa. Mai farauta tana bukatar maganin tsutsar ciki aƙalla duk wata uku, kuma alamar tsutsar ita ce wasu 'yan farare kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya ko a inda take kwana. Allurar rigakafin ciwon haukan kare ana fara ta ne tana da wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara, domin cutar tana nan a ƙasarmu kuma kyanwa tana ɗaukarta kamar yadda kare yake ɗauka. Duk wanda kyanwa ta ciza ko ta yakusa har jini ya fito, musamman wadda ba a san ta ba ko wadda halinta ya sauya farat ɗaya, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ya ga ko wurin zai kumbura.